Shawarwarin da aka bayar kan yaran da karatu ya yi wa nauyi

A zaman iyaye da malamai na wata firamare a Unguwar Rogo, Jos, abin da ya fi cin lokaci shi ne yaran da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba. Wata malama ta ce a riƙa ware musu rabin awa kullum, a raba su gwargwadon abin da kowa ya iya, ba bisa aji ba: mai koyon harafi daban, mai karanta jimla daban. Ina bayan wannan shawara sosai, domin yaron da aka yi wa dariya a gaban allo, gobe da ƙyar uwarsa za ta fito da shi.

Wani dattijo ya roƙi a duba idon yaro da kunnensa kafin a kira shi daƙiƙi; wani yaron benci na gaba kawai yake buƙata.

An amince yara su ɗora kowace rigar sanyi kan yunifom lokacin hunturu. Batun talla kuwa, an tunatar cewa dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, aka ɗora wa kwamitin makaranta bin gidajen yaran da ke yawan fashin makaranta.