Neman kalmar Hausa: iyakar da ake sa wa sayen kayan tauraro a wasan Pathfinder Society

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu harkar fassara. Ina so mu tsayar da kalma guda ga abin da masu wasan kwaikwayon tebur suke kira "spending limit", wato dokar da take hana ɗan wasa saya wa tauraronsa (jarumin da yake wakilta a cikin labarin wasan) wasu makamai da kayan sihiri ko da kuɗin yana hannunsa. Fassarar da take fara zuwa baki ita ce "iyakar kashe kuɗi", kuma ina ganin ba ta dace ba. Sai dai hujjata ba za ta fito ba sai mun ga yadda dokar take aiki.

Misalin da ya fi bayyana shi ne na Pathfinder Society, tsarin wasan bai-ɗaya da kamfanin Paizo na Amurka ya ƙaddamar a taron wasanni na Gen Con na 2008. A wasan gida, jagoran wasa ya san mutanensa, shi ne kuma yake yanke abin da za a iya saye. A wannan tsari kuwa, mutum yana iya ɗaukar tauraronsa daga teburin wani shago ya kai shi babban taro a wani gari, ya zauna da jagoran da bai taɓa gani ba da abokan wasan da bai sani ba. Idan babu doka ɗaya da ta hau kan kowa, sai wani ya yi ta tara zinarensa har ya sayi makami guda mai ƙarfin da ya wuce matakinsa, ya gama da dodannin da aka tanadar wa mutum huɗu zuwa shida, sauran su zama 'yan kallo a wasan da suka ba da sa'o'i huɗu dominsa.

A bugu na farko na wasan, an ɗaure dokar ne da makin da ake kira Fame, wanda nake fassarawa da "shahara". Tauraro yana samun maki biyu ko ƙasa da haka a kowane labari da ya kammala, kuma makin ba ya raguwa da saye. Mai shahara 5 yana iya sayen abin da ƙimarsa ta kai tsabar zinare 500, mai 9 ya kai 1,500, mai 13 ya kai 3,000, mai 18 ya kai 5,250, mai 22 ya kai 8,000, mai 27 kuma 11,750. Akwai kayan da dokar ba ta shafa ba, kamar kayan yau da kullum da makami mai ƙarin ƙarfi na +1, da kuma abin da aka rubuta wa tauraro a takardar shaidar labarin da ya buga.

Ga inda maganar take. Dogon takobi mai +1 kuɗinsa 2,315 ne, mai +2 kuma 8,315. Wanda yake da na farko, in yana so a ƙara masa ƙarfi ya koma na biyu, cikon 6,000 kawai zai biya. Amma dokar ba ta duba cikon, cikakkiyar ƙimar takobin take dubawa. Saboda haka mai shahara 22, wanda iyakarsa 8,000 ce, ba zai samu ba, domin takobin ya ɗara iyakar da 315, sai ya jira ya kai 27, wanda ba zai yiwu ba sai bayan labari 14 aƙalla tun daga fara wasansa. A gefe guda kuma, wannan mutumin yana da damar sayen kaya uku masu 4,000 kowanne a zama ɗaya, ya kashe 12,000, babu mai ce masa uffan.

To, bahaushen da ya ji "iyakar kashe kuɗi" zai fahimci jimillar abin da ya fita daga aljihu ne, kamar iyakar da banki yake sa wa cire kuɗi a rana. Mun ga wanda ya kashe 12,000 bai karya doka ba, mai son kashe 6,000 kuma an hana shi. Wannan kaɗai ya isa a ajiye fassarar.

"Kasafi" ma bai yi ba, domin kasafi rabon kuɗi ne tsakanin buƙatu, kuma mai kuɗin ne yake yin abinsa. "Ƙayyade farashi" zai kai tunanin mai karatu ga hukuma tana hana 'yan kasuwa tsawwalawa, alhali a nan farashi a rubuce yake cikin littafi, ba ya motsi. "Takunkumi" yana ɗauke da ma'anar horo, shi kuwa ɗan wasa bai yi laifin komai ba. Wanda na daɗe ina juyawa shi ne "iyakar saye", domin gajere ne kuma yana da daɗin faɗa, amma bai nuna ko yawan kayan ake nufi ko tsadarsu ba.

Shawarata ita ce mu ce "iyakar ƙima", in ana son cikawa a ce "iyakar ƙimar kaya". Kalmar ƙima tana nuna darajar abu ɗaya a kan kansa, ko an biya duka ko ciko aka yi, kuma tana shiga jimla ba tare da tangarɗa ba: "Takobin nan ya wuce iyakar ƙimarka, sai shahararka ta kai 27."

Wani amfanin kuma shi ne tana bar mana wuri ga dokar da take kama da ita a Adventurers League, tsarin bai-ɗaya na wasan Dungeons & Dragons da aka fara a 2014. A ƙa'idojinsu na 2019, yawan kayan sihirin da tauraro zai mallaka aka iyakance: ɗaya a rukunin farko na matakan tauraro, sannan 3, da 6, da 10 a rukuni na huɗu. Wannan sai mu kira shi "iyakar adadi". Ina roƙon wanda yake ganin "daraja" ta fi "ƙima" zama a wannan gurbi ya kawo jimlar da zai gwada ta da ita, mu auna su biyun kafin mu shigar da ɗaya cikin jerin kalmominmu.