Kwana tara da Steam Deck OLED: zafin Jidda zai bar min ita kuwa?

Abu Khadija, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ni direban gida ne a nan Jidda, shekarata ta shida ke nan. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san rabinsa jira ne. Ka sauke yara a makaranta, ka kai uwargida kasuwa ta ce minti goma, sai ka share awa biyu a mota kana kallon sitiyari. Waya ta gundure ni, shi ya sa na tara kuɗin wata huɗu na sayi Steam Deck OLED, na'urar wasannin bidiyo ta hannu, mai 512GB a wani shago da ke Shari' Falasɗinu. A Amurka dala 549 aka sa mata da ta fito a 2023, wajen riyal 2,060 ke nan, amma da yake kamfanin Valve da ya ƙera ta ba ya kawo ta Saudiyya da kansa, 'yan kasuwa ne ke shigo da ita, sai da na ɗora wani abu a kai.

Da na buɗe kwalin, girmanta ne ya fara ba ni mamaki. A hoto kamar babbar waya, a hannu kuwa ta kusa faɗin farantin shayi. Gram 640 ce, amma bayanta an yi mata wurin riƙo kamar hannun PlayStation, ba ta gajiyar da yatsu. Allon kuma, wallahi ban taɓa riƙe irinsa ba. Inci 7.4 ne, kuma idan wuri baƙi ne a cikin wasa to baƙi ne wuluk, ba toka-toka ba. Daren farko na kunna Euro Truck Simulator 2, ina jan tirela cikin ruwan sama, fitilun motoci na haskawa a kan kwalta, har na ji hannuna yana neman waifa. Sautinta ma ya ishi ɗakina. Na sa Chrome, ina kallon tafsiri da finafinan Kano a YouTube ba tare da matse ido ba. Ba ta da wurin sim, sai dai in ba ta intanet daga wayata.

Cajar kan Amurka gare ta, na sayi adafta mai ƙafa uku, shi ke nan.

Ga damuwata. Shekaranjiya da azahar ina jira a ƙofar makaranta, na kashe mota don kada in ƙona mai. Ban yi minti ashirin ba fankarta ta fara huci, iskar da ke fita ta sama kamar ta murhu, wasan ya riƙa tsaitsayawa. Batir kuma daga cike zuwa kashi 30 cikin awa ɗaya da rabi. Shin tawa ce ke da matsala ko haka suke? Sannan wasan ƙwallon ƙafa na EA FC da na fi ƙwallafa rai a kansa, na ga an sa masa alamar ba ya aiki. Akwai dabara?

Ɗalibin Madina

Wa alaikumus salam Yaya Abu Khadija, Allah ya sa albarka. Tawa tsohuwar ce, mai allon LCD da ta fito a 2022, batirinta 40Wh, taka kuwa ta ƙarshen 2023 ce mai 50Wh, don haka kai ma ka fi ni sa'a. Lafiyarta ƙalau. Valve da kansu sun ce an yi ta ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 100 sai ta rage ƙarfi don ta tsira, a 105 kuma ta kashe kanta. Tsaitsayawar da ka gani ke nan. Motar da aka kashe da azahar a Jidda ta yi wa 35 nisa.

Maganar batir, danna maɓallin nan mai ɗigo uku na hannun dama, ka shiga alamar batir. Ka mayar da hoton da take nunawa a daƙiƙa zuwa 45, tunda allonka na 90 ne rabinsa yana tafiya sumul, idonka ba zai ga bambanci sosai ba. A ƙasa za ka ga TDP, wato yawan wutar da aka yarda ta ja. Iyakarsa wat 15, ka sauko da shi 9 ko 10 ka gwada. Zafi zai ragu, fanka ta yi shiru. Awa 3 zuwa 12 da suke faɗa ya danganta da wasan ne: ƙananan wasanni da kallon bidiyo su ke kai ka can sama. Ni daga Madina zuwa Jidda a jirgin ƙasan Haramain nake gwada tawa, ina sauka da saura.

EA FC kuwa ka yi haƙuri. Na'urar tana tafiya ne da tsarin SteamOS, wanda Linux ne ba Windows ba, wasannin Windows kuma wata manhaja mai suna Proton ke fassara mata su. Manhajar hana maguɗi da ke cikin EA FC ba ta aiki a Linux, haka ma wasan Fortnite. Sai dai ka ɗora mata Windows, kuma ban ba ka shawara yanzu ba, don za ka rasa abin da ya fi daɗi a jikinta: ka danna maɓalli ta yi barci, uwargida ta sauka, ka sake dannawa ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kafin ka sayi kowane wasa duba alamarsa, kore yana tafiya daidai, rawaya sai da ɗan gyara.

Baba Makanike, Shari' Mansur

Ɗana, ban san wasanninku ba amma na san batir. Shekara ashirin ina gyaran wutar mota a Makka. Abin da ke kashe batirin lithium shi ne zafi da caji a haɗe. Kada ka bar ta a kan dashbod ko cikin aljihun mota ka tafi salla, saka ta a jakarta ka tafi da ita. An kawo min wata waya da aka manta a mota ranar Juma'a, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin kamar gurasa. In za ka yi caji a mota, nemi caja mai USB-C da ke ba da wat 45 kamar tata, ƙananan nan na waya ba za su riƙe ta tana aiki ba. Kuma ka lura kada rigarka ko cinyarka ta toshe ramukan iskar da ke bayanta, ta nan take shaƙa.

Maman Walid, Riyad

Malam Abu Khadija, don Allah yaro ɗan shekara tara zai iya riƙe ta? Walid ya dame ni tun da ya gan ta a hannun ɗan maƙwabta, na yi masa alkawari idan ya haddace juzu'i biyu. Ba na son in kashe kuɗi a kan abin da zai fi ƙarfinsa.

Abu Khadija, Jidda

Na gode ƙwarai. Ƙanina na Madina, na bi abin da ka ce, 45 da wat 10. Yau na yi awa biyu da kwata a ƙofar asibiti, na samu inuwar bene na sauke gilashi, batir ya tsaya a kashi 52, fankar ma sai na kara kunne nake jin ta. Windows na fasa. Baba, Allah ya ƙara girma, daga yau jakarta na rataye a kafaɗata har masallaci, cajar kuma gobe zan nema.

Hajiya, gaskiya ta yi wa ɗan shekara tara girma. Na ba ƙaramin yaron gidanmu ya gwada, babban yatsansa bai kai sandar juyawa ba sai ya saki riƙon, bayan minti biyar ya ɗora ta a kan gwiwa. Kuma kwamfuta ce cikakkiya mai burauza, dole sai kin zauna kin kulle masa abubuwa. Da ni ne, Nintendo Switch Lite zan duba masa, ba ta kai rabin nauyin wannan ba. Ki kai shi shago ya riƙe duka biyun a gabanki kafin ki biya. Allah ya ba shi haddar.