Musayar Waƙa: Bismarck da Ƙanensa Tirpitz

Malam Na-Dala:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne ƙarfen da Jamus ta zuba a manyan jiragen ruwan yaƙinta, a Yaƙin Duniya na Biyu, asara ce. Mai ja ya amsa da baiti, amma ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Da sunan Allah zan fara,
Shi ke ragewa, Shi ke ƙara,
Labarin Bismarck zan tsara,
Giwar ƙarfe ta kan ruwa.

A Hambug aka ƙera shi,
A 1939 ruwa ya karɓe shi,
Igwa takwas manya gare shi,
Ƙararsu ta fi ta tsawa.

Mayun 1941 ya fita,
Da jirgin rakiya Prinz Eugen suka rankaya farauta,
Jiragen kaya za su takurta,
Ingila ta kwana da yunwa.

Ko kwana goma bai cika ba,
Jirgin kaya ɗaya bai nutsar ba,
Gida kuma bai sake gani ba,
To ina ribar ginawa?

Ɗan Gwaggo:
Allah gafarta Malam, ka tsallake Hood, babban jirgin yaƙin Ingila.

Ran 24 ga Mayu da asuba,
Mashigin Denmak, Malam ka duba,
Hood ya zo bai yi zato ba,
Harsashi ya same shi yana juyawa.

Rumbun albarushi ya kama,
Wuta ta tashi har sama,
Cikin mintuna aka gama,
Teku ta rufe ba jinkirtawa.

Mutum 1,418 ke ciki,
Uku suka fita da rai a jiki,
Ingila ta shiga baƙin ciki,
Ta tattaro jiragenta don ramuwa.

Malam Na-Dala:
Ka yi gaskiya ƙanena, sai dai ka tsaya a tsakiyar hanya.

Bismarck ai jirgin Ingila Prince of Wales ya taɓa shi,
Ya huda tankin mai nashi,
Mai na ta tsiyaya a bayanshi,
Kwamanda Lütjens ya nufi Faransa gyarawa.

Ran 26 sai ga jiragen sama,
Swordfish na jirgin Ingila Ark Royal, tsofaffi ne ma,
Jikinsu yadi, gudunsu dama-dama,
Sauro ne suka zo wa giwa.

Nakiya ɗaya ta same shi ta baya,
Abin tuƙinsa ya cije, ya ƙi juya,
Ya kwana yana lilo, ba hanya,
Jiragen Ingila Rodney da King George V na matsowa.

Inna Mai Tasbaha:
Ku maza kuna ta auna ƙarfe, ni 'ya'yan mutane ke cikin raina.

Sama da 2,000 Bismarck ya ɗauka,
Samari ne, iyaye sun miƙa,
Ran 27 wuta ta sauka,
Ɗari da 'yan kai ke da rabon rayuwa.

Jirgin Ingila Dorsetshire ya zura musu igiya,
Hannu duk baƙin mai, ga gajiya,
Yaro ya kama, ta zame, ya koma baya,
Sanyin teku na ta daskarewa.

Aka ce an hango abokin gaba,
Jirgin ƙarƙashin ruwa, ba a tabbatar ba,
Jirgi ya ja, bai ƙara tsayawa ba,
Ɗaruruwa na ɗaga hannuwa.

Ɗan Gwaggo:
Inna, kin sa jikina ya yi sanyi. Amma Malam, ban saki ba tukuna, akwai ƙanen.

Tirpitz ya laɓe a lungunan Norwe,
Ko bai motsa ba, hankali na tashe,
Ingila ta tsare jiragenta a shirye,
Damisa ko a kwance abar tsorata kowa.

Yulin 1942 ka tuna,
Ayarin jiragen kaya PQ 17 da kayan Rasha a jikkuna,
Aka ce Tirpitz ya fito, ku watse, ku bar juna,
Alhali shi yana laɓe a lungu, babu fitowa.

Jirgi 35 ke cikin ayari,
24 suka halaka a jeri,
Shi ko harsashi bai saki ba a hari,
Sunansa kaɗai ya yi tarwatsawa.

Malam Na-Dala:
Madalla, ka kawo mini hujjata da hannunka. Wa ya nutsar da 24 ɗin?

Jiragen ƙarƙashin ruwa ne da na sama,
Su suka yi aikin har suka gama,
Kwamandan na ƙarƙashi Dönitz, tun farko abin da ya nema,
300 na ƙarƙashi, ba a ba shi ba kuwa.

Da 57 ya shiga yaƙi,
Shugaban sojan ruwa Raeder na son manya masu ban mamaki,
Sai a 1943 aka ba Dönitz riƙo da iko a aiki,
Lokacin rana ta kusa faɗuwa.

Inna Mai Tasbaha:
Bari in kai ku Tromsø a Norwe, inda ƙanen ya kwanta.

12 ga Nuwamban 1944,
Jiragen saman Ingila Lancaster suka zo da bom mai huda tudu,
Tirpitz ya kife, ba inda za a gudu,
Cikinsa a sama, kansa a ruwa.

Waɗanda suka maƙale a duhu ciki,
Suna ta bugun ƙarfe da sauran ƙarfin jiki,
Na waje na yanka da wuta, suna ta aiki,
Sama da 80 aka samu zarowa.

Sauran suna ta ƙwanƙwasa bango,
Ruwa na hawa daga ƙafa zuwa ƙugu,
Na waje na kasa kunne ga kowane bugu,
Har bugun ya daina fitowa.