Tambaya kan karɓar harajin VAT da ake mayar wa baƙi a filin jirgin saman Dubai

Yayar Ango:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin tafiya Dubai domin haɗa lefen ƙanena, kuma abin da zai fi cin kuɗi shi ne sarƙar gwal da awarwaro, sai agogo da turaruka da jakunkuna. An shaida mini cewa baƙon da ya yi sayayya a can yana da damar karɓar harajin da aka caje shi idan ya zo tashi, sai dai kowa da irin bayaninsa, wani ya ce rasit kawai ake nunawa, wani ya ce har kayan sai an gani. Wani ɓangare na kayan kuma ta kago nake so in turo shi. Don Allah wanda ya san yadda abin yake ya warware mini.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ne ana mayarwa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fara karɓar harajin VAT na kashi 5 cikin 100 a ranar 1 ga Janairun 2018, kuma a watan Nuwambar shekarar aka soma mayar wa baƙi, ta hannun kamfanin Planet wanda ke yi wa hukumar harajin ƙasar wannan aiki. Sharaɗin shi ne mutum ya kai shekara 18, ba mazaunin ƙasar ba ne, kuma sayayyar ta kai dirhami 250.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne cewa a kanti ake ƙulla maganar, filin jirgi tantancewa kawai yake yi. Ba kowane shago ne ya yi rajista da tsarin ba, musamman ƙananan shagunan cikin lungunan unguwar Deira da ke Dubai, saboda haka tun kafin ki fara ciniki ki tambaya. Idan suna ciki, ki miƙa fasfonki lokacin biya domin su shigar da sayayyar da sunanki. Rasit ɗin da ba a haɗa shi da fasfo ba, komai yawan kuɗin da ke jikinsa, babu abin da zai tsinana miki a ranar tafiya. Kwana 90 ake bayarwa daga ranar sayayya zuwa ranar tantancewa.

Idan kin isa filin jirgin, ki nufi na'urar Planet ko teburinsu kafin ki kai jakunkuna wurin awo, domin suna iya cewa a buɗe su ga kayan, kuma jakar da ta riga ta hau bel ta tafi ke nan. Ki ajiye gwal ɗin da agogon a jakar hannu, turaren kuma kada a ɓare ledarsa, tunda abin da aka fara amfani da shi ba ya cikin lissafi. Bayan an tantance, dole ne ki bar ƙasar cikin awa 6, don haka ba a zuwa jajibirin tafiya a ce za a rage aiki.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Hajiya, ki cire kayan kago daga wannan lissafi gaba ɗaya. Tsarin na kayan da matafiyi zai fita da su tare da shi ne, wanda ya miƙa kayansa ga masu kago kuwa ba shi da abin nunawa idan an tambaya. Kayan da ake fitarwa ƙasar waje ta hanyar kasuwanci suna da tasu ƙa'idar, inda mai sayarwa yake iya cire harajin idan akwai takardun da suka tabbatar kayan sun fita, amma wannan magana ce tsakaninki da mai shago, ba ta teburin filin jirgi ba. A ganina, duk abin da yake da tsada kuma ba shi da nauyi ki riƙe shi a hannu, sauran tarkacen su bi kago.

Yayar Ango:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ke nan idan na sayi gwal na dirhami 10,500, kashi 5 na wannan kuɗin za su ba ni?

Malamin Lissafi:
A'a Hajiya, harajin yana cikin farashin ne. Asalin kuɗin kayan dirhami 10,000 ne, harajin kuma 500. Shi ma ba duka ake mayarwa ba, domin ana cire ladan aiki, da wani ɗan kuɗi a kan kowane rasit, ta yadda abin da zai shigo hannunki zai ɗara dirhami 400 amma ba zai kai 500 ba. Shi ya sa gara ki tara sayayyarki a rasit ɗaya idan shago ɗaya ne, kuma shi ya sa ban cika ganin amfanin bin layi a kan kayan dirhami 300 ba, wanda harajinsa bai kai 15 ba. Ana iya karɓar kuɗin a hannu bayan an wuce jami'an shige da fice, ko a tura su katin banki. Na hannun yana da iyaka a kowace rana, amma sayayyar lefe da wuya ta kai can, kuma ni shi na fi so, saboda kin ƙirga abinki kafin ki hau jirgi.

Hajiyar Maraɗi:
Ƙari kaɗan a kan abin da Malam ya faɗa: wanda aka rubuta fasfonsa a shago shi ne zai tsaya wurin tantancewa. Idan ku biyu ko uku za ku tafi kuma ba rana ɗaya za ku dawo ba, ki tabbatar kowane kaya yana hannun wadda aka saye shi da fasfonta. Ki kuma ƙara kamar awa ɗaya a kan lokacin da kika saba isa filin jirgin, domin layin yakan yi tsawo idan jirage da yawa za su tashi a jere.