Makon ƙarshe kafin kuɗi su shigo: me kuke ɗorawa a wuta?

Uwar yara huɗu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A gidanmu duk wata akwai wajen kwana goma da aljihu ke bushewa. A da nakan cika tukunya da shinkafa ko taliya zalla, yara su ƙoshi, ni ma hankalina ya kwanta. Sai ranar da na kai autana awo aka ce jininsa ya yi ƙasa. Malamar asibiti ta sa na lissafa abin da ya ci kwana uku, ina faɗa ina jin kunya, domin abu ɗaya ne nake ta maimaitawa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in riƙa haɗa wake da hatsi, saboda abin da ɗaya ya rasa na gina jiki ɗayan yana da shi. Ta kuma hana ni ba shi shayi tare da abinci, tunda shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi.

Magidanci mai cefane da kansa: Wa alaikumus salam. Ni gyarana daga kasuwa ya fara. Na zauna da maiɗakina muka lissafa, sai muka ga lemon kwalba da biskit na yara suna cin kuɗin da zai sayi ƙwai. Yanzu ranar da kuɗi suka shigo nake sayen busasshen wake, hatsi da mai, kayan miya kuma sai wanda yake kakarsa, shi ne mai araha. Yaran sun yi kwana biyu suna fushi da ni.

Wata kaka: 'Yata, ki jiƙa waken tun dare, ki zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, makamashi ya ragu, kumburin ciki ma da sauƙi. Ganye kuma a ƙarshe ake zuba shi. In ya daɗe yana tafasa har ya canza launi, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Ku 'yan yanzu kuna dafa ganye kamar kuna dafa ƙashi.

Mai goyo: Mama kin yi gaskiya. Amma ni akwai abin da ya tsaya mini a rai. A ajin da na shiga an ce Hukumar Lafiya ta Duniya na so mutum ya ci aƙalla gram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kullum. Mu bakwai ne a gida. Na dawo ina lissafi har hawaye suka zo mini. Mai koyarwar ba ta taɓa tambayarmu nawa muke da shi ba, kuma a ganina daga nan ya kamata darasin ya fara. Abin da na iya shi ne kabeji da karas, in zuba ɗan mai, tunda an ce bitamin A sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa sosai.

Ma'aikaciyar lafiya: 'Yar'uwa, kukanki yana kan hanya, mu ma muna da laifi a yadda muke koyarwa. Adadin nan abin nufa ne, kaɗan ɗin da kika samu ma yana aiki. In abinci bai isa kowa ba, ki fara da mai ciki, mai shayarwa da yaro ɗan wata 6 zuwa 23. Cikinsa ƙarami ne, ƙwai ɗaya ko dakakken wake ya fi masa kwano guda na abinci mai ruwa-ruwa. Ki haɗa waken da ɗanyen tumatir ko lemon zaƙi, bitamin C na taimaka wa ƙarfen ya shiga jiki. Gishiri kuma kada ya kai gram 5 a yini ga babba, wato kusan ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin dunƙule.

Ɗalibi mai riƙon ƙannensa: Nawa kuskure ne. Na dafa shinkafar kwana biyu don tattalin gas, na bar ta a tukunya cikin zafi. Washegari dukanmu gudawa, kuɗin magani ya fi abin da na tattala. Dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 a waje. Ba mu da firji, don haka yanzu daidai cikinmu nake dafawa.

Uwar yara huɗu: Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan jiƙa waken. Malama, in na kai autana awo wata mai zuwa, zan iya roƙon a sake gwada jininsa ko ya yi wuri?