Hotunan addini da ake bugawa da katako: daga ina zan fara?

Hauwa: Assalamu alaikum. An ba mu aiki a makaranta kan hotunan addinin Kirista da Turawa suka riƙa bugawa da sassaƙaƙƙen katako a ƙarni na 15 da na 16. Aikin wa zan fara dubawa?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Albrecht Dürer, mutumin Nuremberg a Jamus. Ki nemi hotuna 15 da ya fitar a 1498 kan Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe na Baibul, musamman na mahaya dawaki huɗu. Ki buɗe shi da girma a kwamfuta, ba a waya ba. Babu launi ko ɗaya, baƙin layi ne kawai a kan fara, amma inda ya matse layukan sai duhu ya sauka, inda ya ware su sai haske ya fito. Kuma kowane siririn layi sai da aka rarake katakon gefe da gefensa aka bar shi tsaye.

Istifanus: Malam, ni da ta fara da na gabansa. Akwai hoton Waliyyi Kiristofa mai ɗauke da shekarar 1423, yana ɗakin karatu na John Rylands a Manchester: layi mai kauri, launi da hannu aka shafa. Sai ta ga wannan za ta gane nisan da Dürer ya yi.

Hauwa: To shi da kansa yake sassaƙawa?

Malam Bala: Yawanci mai zane daban, mai wuƙa daban. Ana zana hoton a juye a kan allon katako mai laushin jijiya, kamar yadda masu yin hatimi suke juya rubutu. Abin da aka cire shi ne fari, abin da ya rage shi ke ɗaukar tawada.

Anti Rabi: Kada ku manta da Italiya. Titian ya zana nutsewar rundunar Fir'auna a Bahar Maliya a kan alluna 12 da ake haɗa bugunsu. Teku ya cinye tsakiyar hoton gaba ɗaya. Duk cikinsu shi ya fi tsaya mini a rai.

Istifanus: Hauwa, ki gwada da hannunki ma. Ƙaramin allo, wuƙa mai kaifi, tawadar maɗaba'a. Ki ɗora takarda ki goga bayanta da cokali. Ki riƙa yanka nesa da yatsunki.

Hauwa: Na gode ƙwarai. Anti, na Fir'aunan zan fara nema.