Wai Orlando Martins jarumi ne? Yadda aka kwashe a zaure

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau da ɓacin rai na shigo. Makon jiya na kawo muku tarihin Orlando Martins, ko tari ba wanda ya yi. Amma da aka sako hoton bikin wata 'yar fim, har asuba ana sharhi a kan ɗaurin ɗankwali. To bari in maimaita, ko kunya za ta kama wasu. A Legas aka haifi mutumin nan, ranar 8 ga Disamba 1899. Ya tafi Landan a 1917, ya yi dako a kasuwar kifi ta Billingsgate, ya yi gadi, ya yi kokawa don neman abin sawa a baki, har wasa da macizai ya yi. Daga nan ya hau dandamali, ya shiga fim. Ya fito tare da Paul Robeson, baƙar fatan Amurka mawaƙi kuma ɗan wasa, a fim ɗin Sanders of the River a 1935, ya fito tare da Ronald Reagan a 1949, wanda ya zo ya zama shugaban Amurka. Ya dawo gida a 1959, ya rasu a Legas ranar 25 ga Satumba 1985. Shi ne jarumin fim na farko da Najeriya ta nuna wa duniya, amma ko sunansa yaranmu ba su sani ba. Ba mu da riƙon tarihi, kuma ya dace a sa wa wani gidan wasa sunansa.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Jarumi fa ka ce?

Ɗan Fagge: Haka na ce, Yaya.

Baban Khalifa: To faɗa mini fim ɗaya da aka gina labarin a kansa. Ɗaya tak. Jarumi shi ne wanda ake bi daga farkon fim zuwa ƙarshe, in ya yi kuka a taya shi, in ya doki bos a yi tafi. Shi wannan naka in ba sarkin ƙauye ba, to boka ne, ko yaron Bature mai farautar giwa.

Gwanin Sabon Gari: Ashe ma gardi ne. Ku ce gardi na farko da ya shiga Ingila, sai mu yarda.

Maman Ummi: Gwani, ka bari mana. Neman halak ne, ba abin dariya ba.

Malamin Adabi: Baban Khalifa, ma'aunin sinimar Indiya ka ɗauko. Akwai 'yan wasan da sana'arsu ke nan, su fito a uba, a alƙali, a mai gadi, su yi minti goma a fim amma su ake tunawa. Martins irin su ne. Ka duba The Hasty Heart na 1949. Labarin asibitin soja ne a Bama a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Ya fito a matsayin Blossom, sojan Afirka daga ƙasar Basuto (Lesotho ta yau) wanda ba ya jin Turanci, sunan nan kaɗai yake iya faɗa. Duk wasan da fuska da idanu ya yi shi. Akwai wurin da ya miƙa wa sojan Sikotilan ɗin da ke gab da mutuwa sarƙar duwatsu kyauta, shi kuwa ya ƙi karɓa cikin fushi. Wanda ya kalli wurin nan ya san an yi wasa. Kuma sai da ya yi wannan rawar a dandamali a Landan kafin a mayar da wasan fim.

Baban Khalifa: Malam, da bakinka ka kashe kanka. Kalma ɗaya a fim guda! Richard Todd, wanda ya fito a sojan Sikotilan ɗin, shi ne sunansa ya shiga takarar Oscar a fim ɗin, ba shi ba. Wane jarumi ne ake hana wa magana?

Malamin Adabi: Ni ban ce jarumi ba. Cewa na yi gwani ne.

Ɗan Fagge: A'a Malam, kar ka zame ka bar ni ni kaɗai. Jarumi ne. A 1947 an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Ingila, ya shiga cikin 'yan wasa 15 da aka fi so.

Baban Khalifa: Wa ya yi ƙuri'ar? Mutum nawa aka tambaya? Turo mana takardar.

Ɗan Fagge: Yana nan a intanet, ka bincika.

Baban Khalifa: Kai ka kawo magana, ni zan yi maka bincike?

Maman Ummi: Ni abin da ya tsaya mini a rai Bama ɗin nan ne. Kakana ya je yaƙin, ya dawo da ciwon ƙafa da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. 'Yan Arewa ne cike da runduna ta 81 da ta 82 da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. In ana maganar jarumai, su ne. Sai ga shi da Turawa suka tashi yin fim a kan Bama, baƙin mutum ɗaya suka saka, shi ma suka ɗaure masa baki.

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙan Baba. To ai Hajiya kin taimake ni, shi ya tsaya a madadinsu.

Maman Ummi: Ban taimake ka ba, ƙanena. Bai taɓa ganin dajin Bama ba, a Ingila aka ɗauki fim ɗin.

Sarkin Yaƙin Unguwa: Ni duk ba wannan ba. Mutumin da ya ba da fuskarsa aka yi Sanders of the River? Fim ɗin da aka shirya don a nuna cewa in ba Bature mai mulki, baƙar fata cinye junansu za su yi? Kuma a ƙasar nan aka ce labarin ya faru. Robeson kansa da ya ga yadda aka haɗa fim ɗin sai ya barranta daga gare shi. Shi naku ya barranta? A 1946 kuma ya sake fitowa a Men of Two Worlds a matsayin boka Magole, mai hana mutanen Tanganyika bin maganar likita a kan ciwon barci. Wannan ba jarumi ba ne, ɗan amshin shatan 'yan mulkin mallaka ne.

Malamin Adabi: Sarki, a hankali. Jomo Kenyatta, wanda ya zo ya zama shugaban Kenya na farko, shi ma ya fito a Sanders of the River cikin 'yan cika fili, lokacin yana zaman Landan. Shi ma ɗan amshin shata ne? Baƙin mutum a Landan a shekarun 1930 ba zaɓen rawa yake yi ba, abin da aka ba shi yake karɓa ko ya koma dako. Kuma me ya sa ba ka ambaci 1936 ba? A gidan wasa na Westminster aka yi wasan C.L.R. James a kan Toussaint Louverture, jagoran juyin juya halin Haiti. Martins ne ya fito a Boukman, wanda ya jagoranci bayi suka tayar da bore a 1791. Da ya dawo gida kuma ya fito a Kongi's Harvest na Wole Soyinka a 1970.

Sarkin Yaƙin Unguwa: Wasan da aka yi wa 'yan tsiraru a ɗaki za ka haɗa da fim ɗin da duniya ta kalla?

Gwanin Sabon Gari: In fitowa a boka laifi ne, sai a rufe rabin Kannywood. Marigayi Ibro wace rawa ce bai taka ba? Kuma har ya rasu a 2014 jarumi ake ce masa, ba wanda ya ɗaga yatsa.

Baban Khalifa: Ibro da sunansa ake sayar da kaset. Kar ka haɗa.

Na Tudun Wada: Duk kun bar gini kuna ta shafe-shafe. Mu a nan namu muka sani. Wa ya kai Samanja Mazan Fama? Wa ya kai Ƙasimu Yero, wanda har 'yan Kudu suka san shi da Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn? Tun 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shehu Umar daga littafin Tafawa Ɓalewa. A fara sa wa gidan wasa sunan waɗannan tukuna. 'Yan Legas su ji da nasu.

Ɗan Fagge: Ka ga irinta ko? Ƙabilanci ke nan tsirara. Samanjan da kake cewa namu, Usman Baba Pategi sunansa, Banufe ne daga jihar Kwara.

Bakatsine: Banufe ai bawanmu ne, don haka namu ne halak malak. A wuce wurin.

'Yar Bida: Bakatsine, ka kiyaye ni. Yaushe bawa ya fara mallakar ubangidansa?

Bakatsine: Ranki ya daɗe, ki fara biyan kuɗin sharar bara tukuna.

Gwanin Sabon Gari: Na Tudun Wada yana ta Kaduna Kaduna. Wasan talabijin daban, masana'anta daban. A Kano aka yi Turmin Danya a 1990, daga nan kowa ya samu abin yi.

Na Tudun Wada: Lokacin da ake wasan kwaikwayo a gidan rediyo da talabijin na Kaduna, ku kuna layin sayen tikitin fim ɗin Indiya.

Gwanin Sabon Gari: Bazazzagi dai ba ya rabo da cika baki.

Na Tudun Wada: Ni ba Bazazzagi ba ne, kuma ka san haka.

Ɗan Fagge: Jama'a, maganar riƙon tarihi fa na kawo.

Baban Khalifa: Ka janye jarumi, sai mu saurare ka.

Ɗan Fagge: Wallahi ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Ɗan Fagge ya kawo tarihin wani ɗan wasan Legas da ya yi zamani a Ingila, mun gode masa, duk da bai kawo hujjar ƙuri'arsa ba. Kusan kowa ya yarda cewa mutumin ba jarumi ba ne, har Malamin Adabi da ya fi kowa kare shi. Hajiya Maman Ummi ta tuna mana da kakanninmu na Bama, Allah ya jiƙansu. An kuma tabbatar cewa tushen wasan kwaikwayon zamani a Arewa Kaduna ne, kamar yadda Na Tudun Wada ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ba don a can aka haife ni na faɗa ba. Bakatsine da 'Yar Bida su ƙarasa tasu a waje. Gwani, na goge saƙonka biyu na ƙarshe, ka san dalili. Mako mai zuwa za mu tattauna a kan Ƙasimu Yero, kuma na rufe sharhi har zuwa safe.